Kawu Daga-Ina da Uwar Matsala

Ni fa da farko ba na son mutumin nan, gara in faɗa da bakina kafin wani ya tona mini. Shekara huɗu muka yi a masana'anta ɗaya, ni a ɗakin allon kwamfuta, shi a ƙasa cikin bututai, kuma ba na jin an taɓa yin mako guda ban yi masa tsaki ba. Ba mugu ba ne, sanyinsa ne yake kashe ni. Za ki kira shi hankalinki a tashe, ƙararrawa na ihu, jar fitila na ƙiftawa, ya taho yana jan takalmi kamar wanda aka tasa daga barci, ya tsaya ya ƙare wa allon kallo, sannan ya ce, "To, daga ina?"

Abin da ya ba shi suna ke nan. Sunansa na gaskiya yana jikin katin da ke rataye a wuyansa, amma ko manaja Daga-Ina yake ce masa. Mu da ya haife mu muke ƙara Kawu a gaba. Shi kuma Barkono yake ce mini, ban kuwa taɓa samun bakin musawa ba.

Garin sabulu muke yi. Akwai hasumiya mai hawa bakwai, ana fesa ruwan sabulu mai kauri daga samanta, iska mai zafi na tasowa daga ƙasa, kafin ya sauko ya bushe ya zama gari. Aikina shi ne in riƙe zafin nan a inda ya kamata. In ya yi ƙasa, garin ya sauko da danshi ya dunƙule ya toshe hanya. In ya yi sama, ya ƙone ya yi ja, a kwashe a zubar. Ni ce mace ta farko da aka zaunar a gaban allon nan, kuma na san akwai masu jiran ranar da zan yi tuntuɓe.

Kawu kuwa lebura ya shigo, mai ɗaukar buhu. Ya yi makarantar yamma, ya koyi karanta geji, wato ma'aunin inji, da zanen bututu, har ya zama shi ake nema duk lokacin da wani abu ya rikice aka rasa kansa. Shekara talatin da ɗaya. Kayan aikinsa ba su cika aljihu biyu ba: alli, agogon hannu da maɗaurinsa ya tsinke tun kafin a ɗauke ni aiki, da wata doguwar sukurdireba da yake dafa bakinta a jikin bututu ya kara ƙotar a kunne. Wai sauraro yake. Na sha cewa a raina tsohon nan wasan kwaikwayo kawai yake mana.

Yana da wata kalma tasa. A wurinsa kowace matsala tana da uwa, abin da muke gani a allo 'ya'ya ne kawai. In famfo ya fara rawa, kowa ya taru a kansa, shi sai ya ce, "Wannan ɗa ne, ku ƙyale shi ya yi kukansa." Ya juya ya bi bututu a baibai, inda ruwa ke fitowa ba inda yake zuwa ba, yana ɗiga alli. Ranar da aka kawo mana sabon injiniya, yaro mai gilashi da takardu, ya tsaya ya yi bayani mai tsawo a kan wani bawul, abin buɗe bututu da rufe shi, da ya lalace. Kawu ya saurare shi tsaf, ya ce, "Na ji. Ina uwar?" Wallahi sai da aka riƙe injiniyan. Ya ɗauka zagi ne, har ya cire gilashi. Mun yi wata guda muna dariyar abin.

A gida ma haka yake. Layinmu ɗaya, motar ma'aikata ɗaya muke shiga, don haka na san matarsa, Goggo, mace mai baki kamar nawa. Ta ce rufin ɗakinta ya taɓa yoyo daidai kan gado, ta ce ya liƙe, ya ƙi. Kwana huɗu tana kwana da roba a gefen ƙafa, shi yana hawa yana sauka, har ya gano ruwan ta can bayan gida yake shiga ya biyo katako. "Ni da na auri mai gyara," in ji ta, "ashe ɗan sanda na aura." Amma ta ƙara da cewa shekara goma sha biyu ke nan ko ɗigo bai sake sauka ba.

To, ana nan sai hasumiya ta fara yi mini iskanci.

Zafi zai tafi lafiya tun safe, sai wajen ƙarfe ɗaya saura kwata ya zame ƙasa. In ƙara wuta, ya yi kamar bai ji ba, can kuma ya zabura ya wuce sama. Kafin in shawo kansa gari ya dunƙule ko ya ƙone. Sai kuma huɗu saura minti goma, dab da zan miƙa aiki, ya sake. Kullum a aikin safe, wato a hannuna. Mai karɓata da yamma ya fara ƙorafin ina bar masa hasumiya a hargitse. Aka canja bawul ɗin mai sau biyu, aka wanke murhun da ke zafafa iskar, aka sa sabon ma'aunin zafi. Ko gezau.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne hutun mako guda da na ɗauka, ƙaramar 'yata ba lafiya. Makon nan cur hasumiya ko tari ba ta yi ba. Na dawo ranar Litinin, ɗaya saura kwata ta zame.

Manaja ya kira ni ofis. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce ya lura lokutan biyu su ne na cin abinci da na tashi, kuma ya fahimta, mace mai iyali dole hankalinta ya rabu. Jama'a! Ni da ko fitsari nake riƙewa don kada in bar allon? Na faɗa masa maganganu, wasu na tuna, wasu gara da na manta. Ya miƙo mini takarda: kwamiti zai zauna ranar Juma'a, in ba a samu wani dalili ba za a sauke ni daga allo, a kai ni sito in riƙa lissafa kwalaye, ko in ajiye aikin. Na fito. Ba sito ne ya fi ƙona mini rai ba. Na san bayana ba za a sake zaunar da wata mace a kujerar nan ba, za a ce ai an gwada.

Washegari, Talata, Kawu ya shigo ɗakin allo ba wanda ya kira shi. Ya ja kujera ya zauna.

"Barkono, buga mini takardun jiya. Na zafi, na mai, da na umarnin da kike ba bawul."

"Kawu, don Allah ka rabu da ni. Injiniyoyi uku sun duba."

"Sun duba ɗan. Buga mini."

Na buga, ina huci. Ya ɗauki takardun ya ɗora su kan juna, ya manna a gilashin taga, rana ta hasko ta cikinsu har layukan suka hau kan juna. Ya daɗe yana matsar da su da ɗan yatsa. Sannan ya ce in zo in gani. Layin zafi ya faɗi, gaskiya ne. Amma kafin shi da kusan minti guda, layin mai ya riga ya faɗi. Layin umarnina kuwa yana nan a miƙe, bai lanƙwasa ba sai bayan su duka biyun.

"Hannunki bai motsa ba," ya ce. "Bawul ne ya rufe kansa. Ke bin sa kike, ba shi ke bin ki ba."

Wata uku ke nan ban ji wanda ya faɗi magana mai kama da wannan ba. Sai da na juya baya na gyara ɗankwali.

"Ai sabo ne bawul ɗin," na ce.

"Sabo ne. Me ke buɗe shi?"

Iska ce. Wannan kowa ya sani, amma ba wanda ya tsaya a kai. Akwai injin da ke matsa iska ya tura ta cikin siririn bututu zuwa kowane bawul, iskar ce ke danna shi ya buɗe, in ta yi rauni ƙarfen da ke ciki ya mayar da shi ya rufe. Ita wannan iska ba ta zuwa kwamfuta. Geji ɗaya gare ta, tsoho mai allura, a wani lungu bayan hasumiya inda ko masu shara ba sa leƙawa.

Ranar Laraba Kawu ya kifa bokiti a gaban gejin nan ya zauna, agogonsa a gwiwa, oba-oba a hannu, ni ma da tawa a ɗakin allo. Ya ce duk wanda ya fara ganin motsi a cikinmu ya ce "yanzu". Tun ƙarfe takwas yake zaune. Masu wucewa suna tsokanarsa, wai ko an mayar da shi gadi ne. Ɗaya saura kwata da 'yan daƙiƙu, allona lafiya lau, sai na ji muryarsa: "Yanzu." Na zuba wa layin zafi ido. Na ƙirga har hamsin da biyar, sannan ya zame. Na ce, "Yanzu."

"Allura ta sauka tana rawa," ya ce. "Wani yana shan iskarmu."

Ranar Alhamis ya bi bututun. Ba ƙaramin aiki ba ne, don ya rarrabu ya fi reshe ashirin, wani ya hau sama, wani ya shige bayan tanki. Shi da gwiwarsa mai ciwo ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kara kunne, ya ɗiga alli, ya wuce. Huɗu saura minti goma hasumiya ta yi halinta. Ƙarfe huɗu daidai na miƙa aiki, sai ga kiransa: in sauko in same shi bayan hasumiya, kada in tsaya ɗaukar jaka.

Na same shi tsaye a gaban wani bango, inda wani siririn reshe ya huda ya shige. Allin yana hannunsa amma bai ɗiga ba. Fuskarsa ta canja, na ɗauka gajiya ce. Ya ce, "Zo mu zaga."

Bayan bangon ɗakin ɗuri ne, inda mata ke zuba gari a leda su jera a kwali. Mun tarar da ragowarsu biyar a layi, fari fat tun daga gira har takalmi. Ta gaba tana riƙe da tiyo, tana fesa wa jikinta iska, ƙura na tashi, tana juyi, sauran na yi mata tsiya wai ta yi sauri mota za ta tafi. Ta gama ta miƙa wa ta bayanta. Su ashirin da uku ne a ɗakin, kuma haka suke yi sau biyu a rana, kafin cin abinci da kafin tashi. A aikin safe kaɗai ake ɗuri. Makon da na yi hutu kuwa, daga baya na ji, kwalaye ne suka yanke, aka rufe ɗakin gaba ɗaya.

Kaina ya yi zafi. Wata uku ina shan zagi saboda kwalliyar wasu! Na buɗe baki zan sauke musu, Kawu ya ɗaga hannu.

"Barkono, ba su ba ne."

Ya kai ni inda tiyon ya haɗu da bututu, ya goge ƙurar da babban yatsa. Akwai ɗigon jan fenti guda uku a jere. Duk masana'antar nan ba wanda bai san alamar ba, haka yake sa wa duk haɗin da ya yi da hannunsa.

Ya ba ni labarin a tsaye, bai ɓoye komai ba. Shekara shida da suka wuce, wata mai ɗuri ta same shi tana kuka. Jaririnta ne, duk sanda ta koma gida ta ɗauke shi sai ya kama atishawa, idanunsa su yi ja, ga ƙuraje. Fankar da ke zuƙe ƙurar ɗakin ta mutu, an rubuta an gaji. Lokacin su huɗu ne kacal, injin iska kuma biyu ke aiki, iska har ta yi yawa. Ya ɗauki rabin awa ya ja musu reshe. Bai nemi izini ba, don ya san ba za a ba shi ba, bai kuma sa a zane ba. Daga baya mata suka ƙaru, wata uku da suka wuce kuma aka kashe inji ɗaya don rage cin wuta. Shi kuwa ya manta da reshen sam, sai da ya tsaya a gaban bangon nan.

Na san dokar, shi ma ya sani, don shi ke karanta wa sababbin ma'aikata ita: wanda ya taɓa layin iskar bawul ba da izini ba, kora ce. Saura masa wata goma sha huɗu ya yi ritaya.

Muka fito waje. Na ce, "Kawu, saurara. Ka cire shi yau bayan kowa ya tafi. Gobe ka ce yoyo ka samu a wani haɗi, ka ɗaure. Ni na fita, kai ka fita."

"Yoyo bai san ƙarfe ɗaya saura kwata ba," ya ce. "Injiniyan nan yaro ne amma ba wawa ba ne. In ya tambaye ni me ya sa yoyon ke hutu ranar da kike hutu, in ce me? Sai a koma kanki."

"To ka ce ba ka san wanda ya ja ba!"

"Sai a ce su suka ja. Su ashirin da uku."

"Kai dai wallahi taurin kai gare ka! Shekara talatin da ɗaya fa, Kawu!"

"Shekara talatin da ɗaya ina nuna wa mutane nasu," ya ce. "Je ki, mota za ta bar ki."

Ranar Juma'a muka hallara a ɗakin taro: manaja, injiniyoyi, shugabar ma'aikata, ni a ƙarshen tebur kamar wadda aka kamo da kayan sata. Kawu ya shigo da rigar aikinsa wankakkiya, Goggo ta goge ta har tana ƙyalli. Ya manna takardunsa a taga, ya bi da su daki-daki, daga zafi zuwa mai, daga mai zuwa bawul, daga bawul zuwa iska. Manaja ya gyara zama, har da ɗan murmushi.

"To, Daga-Ina, ka samo uwar ke nan?"

"Na samo, ranka ya daɗe. Ni ne uwar."

Wani ya fara dariya, don dattijo mai furfura a gemu ya ce shi ne uwa. Da ya ga fuskar Kawu sai dariyar ta maƙale. Kawu ya ciro tiyon daga leda ya ajiye a kan tebur, da guntun bututun mai ɗigo uku. Ya faɗi ranar da ya ja shi da dalilin da ya sa. Ya ce yarinyar nan, yana nuna ni, ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba, hasali ma ba don saurin hannunta ba da asarar ta ninka, yana so a rubuta haka. Sannan ya ce bai gama ba, don ita ma uwar tana da tata uwar. Ya tambayi shekara nawa fankar ɗakin ɗuri ta yi a mace. Ya tambayi wa ya auna iskar kafin a kashe inji ɗaya. Injiniyan nan mai gilashi, Allah ya yi masa albarka, ya ɗaga hannu ya ce shi ya ba da umarnin, kuma bai auna ba.

Akwai fom da ake cikewa bayan kowane bincike, a ƙasansa da layi guda da aka rubuta "asalin matsala". Shekara da shekaru Kawu na cike layin nan da lambar famfo ko ta bawul. Da fom ɗin ya zagayo wurina in sa hannu, sai na ga lambar katinsa ce a wurin, da rubutunsa mai kwanciya. Na sa hannu na miƙa gaba.

Aka janye takardata. Manaja ya ce a yi haƙuri, yana kallon tebur. Kawu kuwa ba a kira abin kora ba, an ce ya ajiye aiki ƙarshen wata. Ba taro, ba jawabi, ba agogon bangon da ake ba duk wanda ya haura shekara talatin, wanda Goggo ta riga ta buga wa ƙusa a falo. Fankar da ta yi shekara bakwai a mace kuwa, cikin mako uku aka tashe ta. Wannan har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ranarsa ta ƙarshe na same shi a bakin ƙofa yana jiran mota, ledarsa a hannu. Matan ɗuri sun riga sun zo sun yi masa sallama, har da uwar jaririn nan, wanda yanzu yake aji ɗaya. Na shirya magana tun safe, zan ba shi haƙurin tsakin shekara huɗu, zan ce ban taɓa ganin mutum irinsa ba, kuma ban gani ba ɗin. Ina isa gabansa komai ya gudu, sai hawaye, ni da ko a ofishin manaja ban yi kuka ba.

Ya dube ni yadda yake duban allo, a natse, ya karkata kai.

"To, Barkono, wannan kuma daga ina?"

"Kai ne uwar, Kawu," na ce.

Ya yi dariya har da dafa gwiwa, ranar na fara ganin yana da wushirya. Mota ta zo, ya shiga ya zauna a kujerarsa ta kullum, ta biyu daga baya.

Ranar Litinin, ɗaya saura kwata, layin zafi ya miƙe sambal bai ko girgiza ba. Na ɗauki oba-oba don in faɗa masa, sai da na danna na tuna.